Hancina da Na'urar Gwajin Hayaƙi

Aji uku na yi a firamare, na ukun ma ban ƙarasa ba. Ranar da malamin lissafi ya gano ni ne na saka masa kwaɗo a aljihun tebur, ta taga na fita, har yau ban koma ɗaukar jakata ba. Don haka duk wanda ya ga rubutun nan ya miƙe, uwargidana zai gode wa. Ita ta bi shi tana gyarawa tana tsaki.

Abin da ya ciyar da ni sama da shekara talatin hancina ne. Ni ne bakaniken garejin wani kamfani a Challawa, masu yin bokiti da kujerun roba. Motocinmu ba su da yawa: a-kori-kura huɗu da wata tsohuwar bas mai ɗauko ma'aikata daga Panshekara, dukkansu masu shan fetur, dukkansu masu kafireto. In aka kawo mini mota, sai in ce direba ya tayar, in zagaya baya in tsuguna a bakin salansa in shaƙa sau biyu. In mai ya rinjayi iska, hayaƙin yakan zo da nauyi, ya sa ido ƙwalla. In iska ce ta rinjaya, sai ya zo a bushe yana kartar maƙogwaro. Daga nan in ɗauki sukudireba in murɗa ɗan sukurun da ke raba mai da iska, kwata ko rabi, in ce a tafi. Direbobi har daga Sharaɗa sukan biyo da motocinsu in shaƙa musu. Na yi taƙama da hancin nan, ba na musu. Na taɓa cewa in na mutu a cire shi a ajiye a sito, ko na baya za su amfana.

Sai Alhaji mai kamfanin ya ɗauko mana Injiniya ya ɗora a kaina. Bai kai shekarun ɗana na fari ba. Farar riga yake sawa ya shigo gareji, ya fita da ita fara. Ranar farko da ya gan ni tsugune a bayan mota, tsayawa ya yi hannu a aljihu.

"Baba, lafiya? Wani abu ne ya faɗi?"

"Aiki nake, ranka ya daɗe."

"Da hanci?"

"Da shi aka yi aikin tun kafin a yaye ka."

Tun daga ranar ba mu ƙara shan inuwa ɗaya ba. Yakan gaishe ni da "ku", amma irin "ku" ɗin da in an matse shi zagi ne zai ɗigo. Ni kuma na riƙa ce masa "ranka ya daɗe" da ƙarfi, musamman in direbobi suna kusa, don su yi dariya. Sau ɗaya na shafa baƙin giris a ƙasan hannun ƙofar ofishinsa. Farar rigar ta ji jiki. Ya dai san ba aljani ba ne.

Rigimar ta fashe ne a kan bas. Direbanta ya fara ƙorafi wai tankin ba ya kai shi inda ya saba kai shi, ma'aikata kuma suna cewa in sun zauna a kujerun baya kansu yana ciwo. Injiniya ya kai magana sama. Wata Alhamis da hantsi Alhaji da kansa ya sauko gareji, abin da ba ya yi sai da dalili.

Injiniya ya ce, "Alhaji, saitin kafireton ne ba daidai ba. Mai yake zuba wa injin fiye da kima. Kuma mun san hannun da ke taɓa shi. Baba ya yi aiki, Allah ya saka masa, amma lokacin hutu ya yi."

Na ce, "Saitina lafiyarsa ƙalau. Jiya na shaƙa."

"Kun ji ko, Alhaji? Ya shaƙa."

Alhaji ya dube ni, ya dube shi. Ya ce shi ba ya son musu marar shaida. Ya tambaya ko babu wani abin da zai raba gardama. Injiniya ya ce akwai, na'urar gwajin hayaƙi, wadda ake zura mata tiyo a salansa ta faɗi abin da mota ke fitarwa, sai dai wadda muke da ita a sito ta mutu, ya gwada ta ya ga a kulle take, ba ta da amfani sai ga 'yan gwangwan.

Na san na'urar. Wani Bature da ya riƙe garejin zamanin mahaifin Alhaji shi ya zo da ita, da ya tafi ya bar ta. Shekara da shekaru tana lulluɓe da tamfol, a kanta nake ɗora kwanon abincina. Ban taɓa kunna ta ba, don kishiyar sana'ata na ɗauke ta. Amma da na ji Injiniya ya ce ta mutu, bakina ya riga hankalina.

"Ba ta mutu ba. Waɗanda ba su iya ba ne suka taɓa ta. Ni zan tashe ta."

Alhaji ya ce, "To, shi ke nan. Litinin ta sama zan dawo. In ka tashe ta ta gaskata ka, magana ta ƙare. In ba haka ba, Malam, ka ajiye makullin gareji cikin mutunci."

Ya tafi. Injiniya ya matso kusa da kunnena ya ce, "Baba, Turanci take yi fa."

Na je sito na yaye tamfol. Akwati ce ta ƙarfe mai girman ƙaramin firij, a kan tayoyi, da ɗan gilashi a gaba da maɓallai a ƙasansa, ga dogon tiyo baƙi a nannaɗe a gefe. Na kwance bayanta na leƙa. Ɓera ya yi gida, ya haihu, ya aurar. Zanzaro ya toshe bakin tiyon da laka. Ɗan kofin da ke tare ruwan hayaƙi ya yi kore, matatun cikinta sun koma kamar tsumman goge tukunya.

Nan dai na san hanya, don datti ba ya Turanci. Na kwashe gidan ɓera, na ɗaure wayoyi biyu da ya ci. Na buɗe ɗan famfon da ke zuƙo hayaƙi, na tarar robar cikinsa ta tsage, na yanko wata daga robar cikin tayar babur na daidaita ta da almakashi. Akwai wani ɗan batir kamar na agogon hannu a manne a allon wayoyi, ya yi fari da gishiri, na canza shi. Sannan na yi abin da kowane bakanike a Kano zai yi in ya ga abu ya yi dauɗa: na tsiyayo fetur a gwangwani, na wanke tiyon ciki da waje, na jiƙa kofin ruwan da gidan matatun, na goge su tas har suna ƙyalli. Da fetur muke wanke fulogi, da shi muke wanke kafireto, da shi muke wanke hannu in za mu ci abinci. Na ja baya na dubi aikina, na yaba wa kaina, tunda babu mai yaba mini.

Na jona ta da wuta. Famfo ya yi gurnani, gilashi ya kawo haske. Sai ta rubuta layi biyu ta tsaya. Na danna wannan, na danna wancan, ta yi ƙara ƙit, ta ƙi motsi.

Ba zan kira Injiniya ya karanta mini ba ko da za a yanka ni. Na yago kwalin sabulu na zana haruffan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zana taswirar gida, na sa a aljihu. Uwargidana ta yi sakandare, ta yi shekaru tana aikin share-share da wanke kayan aiki a asibiti kafin ƙafa ta hana ta. Da la'asar na miƙa mata kwalin tana tsince shinkafa.

"Wannan rubutu ne ko kaza ce ta bi ta kan tawada?"

"Karanta mini dai, Hajiya."

Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa. Ta ce, "Cewa take lokacin da ya kamata a yi mata saiti ya wuce, don haka ta kulle kanta. Wai a sa lambar sirri."

"Wace lamba?"

"Ni na haife ta? Malam, matsa can don Allah. Warin mai kake kamar gidan mai ya fashe. Ko ba ka ji?"

Na ce mata ƙamshin sana'a ne. Ta ce haka na ce ranar Juma'a da na juye rabin kwalbar turare a riga har liman ya yi atishawa. Ban kula ta ba. Na ɗauka neman magana ne irin nata.

Mutum ɗaya ne a duniya zai san lambar nan, kuma shi ne mutumin da ban so gani ba. Tsohon mai riƙe da sitonmu ne, wanda ya yi aiki a hannun Baturen. Yanzu yana riƙe da siton wani babban gareji a Bompai, inda ake gyara motocin kamfanoni. Abin da ya raba mu, ni na jawo. Akwai bencin ƙarfe da yakan zauna a kai ya yi gyangyaɗi bayan azahar. Wata rana na ja waya daga kwayil ɗin mota, mai ba fulogi wuta, na ɗaura a ƙafar bencin, na sa aka tayar. Ya yi sama, hularsa ta yi gabas, shi ya yi yamma, direbobi suka yi ta birgima. Bai ƙara yi mini magana ba har ya bar kamfanin. Shekara kusan ashirin ke nan.

Ranar Asabar na hau adaidaita na tafi Bompai. Na same shi a ƙofar sito, ya yi furfura, ya rame, amma idon nan na riƙo yana nan. Na yi sallama. Ya amsa, don wajibi ce, sannan ya ce, "Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu."

"To me ya kawo ka? Ban ga benci a nan ba."

Na haɗiye girman kai na ba shi labari. Yana ji yana murmushi, irin na wanda aka kawo wa abinci har gida. Ya ce lambar tana kansa, ko a barci aka tashe shi zai faɗa. Ya ce kuma buɗewa ba ita ce ba, sai an yi mata saiti da wata iska ta musamman da ke zuwa a ƙaramar silinda, wadda an riga an san abin da ke cikinta. A shaƙa wa na'urar, a gaya mata ga abin da ta shaƙa, ta gyara lissafinta. Suna da silindar a garejinsu, manajansu ba zai hana ba in an zo da na'urar.

Na ce, "Alhamdu lillahi."

"Kada ka yi saurin godiya. Taso."

Ya kai ni gaban wata mota da aka buɗe wa baki. Ya zare wayar fulogi ɗaya ya miƙo mini. Ya kira duk wanda ke garejin, har mai shayin bakin ƙofa.

"Riƙe."

"Haba, Malam, da girmana? Ina da jikoki."

"Ni da ka yi wa, marayan Allah ne? Riƙe, tsohon banza."

Na riƙe. Ya leƙa ya murɗa makulli da hannunsa. Abin da na ji, Allah kaɗai ya sani. Na kira sunan mahaifiyata, wadda ta rasu tun ina saurayi. Takalmina ɗaya sai a ƙarƙashin wata motar aka samo shi. Shi kuwa bai yi dariya ba, tsayawa ya yi yana kallo kamar mai duba aikin da ya ba tela.

Ya ce, "Kawo ta ran Laraba. Kuma akwai wani abu kamar murfin kwalba a cikinta mai auna iskar numfashi, ya daɗe da mutuwa. Nemo sabo."

Na ciro shi na kai gida. Uwargida na gani ta ce ta san irinsa, a jikin na'urorin asibiti yake, ta kwatanta mini shagon masu kayan asibiti a Sabon Gari. Na samu wanda ya hau daidai. Ta ce in rubuta a littafina cewa sau biyu ke nan tana ceto na. Na rubuta, ga shi nan.

Fitar da na'urar daga kamfani sai da takardar bakin ƙofa, kuma Injiniya ke sa hannu. Ya rubuta ya miƙo mini yana fara'a. Sai da maigadi ya karanta yana ƙunshe dariya na san abin da ya sa: wai kayan bola guda biyu, ɗaya a kan taya, ɗaya a ƙafa. Na ninke takardar na adana. Tana nan har yau.

A Bompai muka ja ta bayan masallacin garejin, ƙarƙashin wata darbejiya, nesa da manyan motoci. Mai sito ya ce dole sai a nan, domin kafin ta auna hayaƙi sai ta fara shaƙar iska mai kyau ta riƙe a matsayin ma'auni. Ya kare maɓallan da jikinsa ya danna lamba, kamar mai cire kuɗi a banki. Gilashi ya canza. Ta buɗe. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Ta ɗauki lokaci tana ɗumama. Sai ta nemi a toshe bakin tiyo don ta ga ko iska na zurarewa ta wani wuri. Na toshe da babban yatsa. Ta yi shiru, ta yarda. Robar tayar babur ta riƙe. Na dubi mai sito don ya yaba, ya kau da kai. Lambar iskar numfashi ta hau ta tsaya a ashirin da ɗigo tara, ya ce haka ake so.

Daga nan sai ta tsaya cik. Wata lamba a kusurwa ta haura sama ta ƙi saukowa, na'urar ta riƙa ƙara tana maimaita rubutu ɗaya. Muka kashe muka kunna. Haka. Muka sake. Haka.

Na ce, "Ka gani, tsufa ne. Ta rikice."

Ya ce, "Cewa take tana jin ɗanyen mai, alhali ba a sa ta a mota ba." Ya sunkuya zai duba kofin ruwan, sai ya ɗago da sauri yana toshe hanci. Ya ɗauki tiyon, bai ma kai shi fuska ba ya jefar.

"Kai! Da me ka wanke wannan?"

"Da fetur mana. Da me ake wanki?"

Ya dafe kai. "Inna lillahi. Abin da aka ƙera don ya ji ƙanshin mai komai ƙanƙantarsa, shi ka yi wa wanka da mai? Roba ta sha ta ƙoshi. Tun da ka sauke ta daga adaidaita nake jin wari, na ɗauka jikinka ne, don ka saba wari."

"Ai ya bushe tun ran Alhamis."

"Ya bushe? Shaƙa ka ji."

Na ɗauki tiyon na kai hanci. Na shaƙa sau biyu, yadda na saba. Ban ji komai ba. Na zura hancin cikin bakin tiyon na ja da ƙarfi har ƙirjina ya cika. Iska ce kawai, ba wari ba ƙanshi. Na ɗauki kofin ruwan na shaƙa. Babu.

Mai sito yana kallona. Ya ce, "Ba ka ji ba?"

Na ce, "Mura nake yi."

"Ƙarya kake."

Ƙarya nake. Ina tsaye a ƙarƙashin darbejiyar nan abubuwa suka riƙa dawo mini. Turaren Juma'a. Miyar da ta kwana ta lalace na shanye ina santi, uwargida tana salati. Warin masana'antun fata na Challawa, wanda baƙo ke toshe hanci tun daga kan gada, ni kuwa na daɗe ina cewa ai sun gyara aikinsu, yanzu ba ya tashi. Ban san yaushe hancin ya tafi ba. Bai yi mini sallama ba. Shekara nawa na yi ina tsugunawa a bayan motoci ina shaƙar abin da ba na ji, ina murɗa sukuru da tsohon tunani, ban sani ba.

Na zaci zai tara jama'a kamar ranar wayar fulogi. Bai tara ba. Ya ce, "Je ka bakin titi ka sayo sabon tiyo da matatu. Kofin kuma ruwa da sabulu, jaki." Na je na sayo. Muka wanke kofin da gidan matatun sau uku, muka shanya, muka bar famfon yana jan iskar darbejiya har bayan la'asar. Lambar ta riƙa sauka a hankali har ta kwanta. Sannan ya kawo silindar, ya jona, ya karanta lambobin da ke jikinta yana dannawa, na'urar ta shaƙa ta karɓa. Ya gyara mata kwanan wata. Ya sa ni na yi komai da hannuna sau biyu, yana zagina a kowane mataki, har na haddace yadda rubutun kowane mataki yake, ko da ban iya karanta shi ba.

Da zan tafi ya faɗa mini lambar sirrin a kunne. Ya ce, "Ba don kai ba. Don ita. Shekara ashirin kana ɗora mata kwano."

Ranar Asabar da rana gareji ya yi shiru, Injiniya ya tafi ɗaurin aure, bas tana ajiye. Na ja na'urar can bayan sito, nesa da janareto, ta shaƙi iskarta, sannan na tayar da bas na zura tiyo a salansa. Mai sito ya gaya mini lambar hayaƙi mai guba bai kamata ta wuce uku ba a irin wannan injin. Ta wuce uku ko waiwaye ba ta yi ba. Sai da ta kai takwas ta tsaya tana rawa.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba. Na ɗauko sukudireba. Murɗawa ɗaya da rabi ce tsakanina da makullin gareji, babu wanda zai sani, ran Litinin na'ura ta gaskata ni, Injiniya ya sha kunya. Na buɗe murfin injin na leƙa. A kan ɗan sukurun nan akwai ɗigon jan fenti, an ja shi daga kan sukurun zuwa jikin kafireto, ya bushe. Ko gashi ɗaya na murɗa sai ya tsage. Na so in ce tsoron Allah ne ya hana ni, amma uwargida ta ce in rubuta gaskiya. Jan fenti ne. Yaron nan ya san ni fiye da yadda na zata.

Litinin da hantsi Alhaji ya sauko. Direbobi suka taru, har da waɗanda ba su da aiki a wurin. Injiniya ya fara zuwa ya duba fentinsa, ya ga yana nan, ya ɗan yi mamaki. Na kunna na'urar, na toshe tiyo, na ba ta iska, komai a natse kamar a ciki aka haife ni. Da ta nuna ta shirya, sai na ga fara'ar Injiniya ta ragu.

Kafin in zura tiyon na ce, "Alhaji, takwas za ta nuna. Saitin ba daidai ba ne. Nawa ne."

Na zura. Ta nuna takwas.

Injiniya ya ce, "To, Alhaji, kun gani da idonku. Abin da nake faɗa ke nan tun farko."

Na sa sukudireba na fasa jan fentinsa, na riƙa murɗawa a hankali ido na kan gilashi. Bakwai. Biyar. Huɗu. Da ta sauka ƙasa da uku muryar injin ta canza, ta yi laushi, har direban bas ya ce, "Kai, haka take da!" Na zare hannuna.

Alhaji ya ce, "Hancin fa, Malam?"

"Ya yi ritaya, Alhaji. Bai sanar da ni ba."

Direbobi suka kwashe da dariya. Wannan karon da ni ake, ba da Injiniya ba, kuma ta yi zafi. Na ciro makullin gareji daga aljihu na riƙe a hannu, don sharaɗi biyu aka yi, ɗaya kawai na cika.

Injiniya ya ce, "Sharaɗin a fili yake, Alhaji."

Alhaji ya ce, "A fili yake. Kashe ta ka kunna, Injiniya, ka gwada mana waccan a-kori-kurar."

Ya kashe ya kunna. Turancin bai ba shi wahala ba, ya karanta ya toshe tiyo. Amma sai ya ja ta kusa da motar, daidai inda janareto ke huci, don kada ya yi nisa da inuwa. Ta shaƙi iskar wurin ta ƙi karɓa. Ya sake, ta ƙi. Ya danna wani abu da bai kamata ba, ta koma tana neman lambar sirri. Ya tsaya. Gumi ya fara sauka a wuyan farar rigar.

"Baba, mene ne lambar?"

"Na'am, ranka ya daɗe? Kunnen ma ya fara bin hancin."

Alhaji ya ɗaga hannu ya tsayar da mu. Ya ce Injiniya ya yi gaskiya a kan bas, kuma daga yau duk wanda ya ƙara ganina tsugune a bayan mota ina shaƙa ya kawo masa rahoto. Ba za a sake taɓa kafireto ba sai da na'ura. Na'urar kuma a hannuna za ta zauna, tunda ni na tashe ta. Ya dubi makullin da ke hannuna ya ce in mayar aljihu.

Na mayar. Ban ji daɗin da na zata zan ji ba. Direbobin Sharaɗa sun daina biyowa, labari ya kai musu. Wani ma in ya gan ni sai ya toshe hanci ya ce, "Baba, me aka dafa a gidan maƙwabta?" Ina jin su. Kowace shekara nakan ɗora na'urar a adaidaita in kai ta Bompai a yi mata saiti, mai sito ya zage ni tun daga sauke ta har ɗora ta, ko ruwa bai taɓa ba ni ba.

Ni da Injiniya kuwa muna nan yadda muke. Ya rubuta takarda sau biyu yana neman a tilasta mini in ba da lambar, na ce na manta, sai na tsaya a gabanta take dawo mini. Yana da wata tsohuwar mota ja da yake ji da ita, wadda yake yi wa saiti da kansa. Da can a cikin gareji yake ajiye ta, a inuwa. Tun ranar da na ce masa cikin ladabi ya kawo in zura mata tiyo, kyauta, a gaban direbobi, ya koma ajiye ta a wajen ƙofa, cikin rana. Ni dai ba na jin warinta. Amma maigadi ya ce in ta tashi har ƙwalla yake yi, kuma na sayo ƙarin tiyo mai tsawo, na auna, saura taku shida ya kai bakin ƙofa.